Tsumman da Na Cusa a Akwatin Citta

Ina rubuta wa yara labarai, kuma a cikinsu kowa haɗa kai yake yi. Su je sansanin hutu, su zaɓi shugaba, su ƙera wani abu, a tafa musu. Ni kuwa da na je sansanin gaske ina 'yar shekara goma sha uku, ba haka na yi ba.

A wata makarantar kwana da ke bayan garin Kafanchan aka tara mu, lokacin hutun ƙarshen shekara, daidai sa'ad da ake haƙar citta. Aka raba mu bakwai-bakwai. Kowane rukuni zai haɗa akwatin busar da citta da zafin rana, kuma shugabar rukunin da ya yi fice za a kai ta Kaduna ta yi bayani a gaban manya. Tun daga gida na gama ɗinka wa kaina rigar zuwa Kaduna a zuci. Ni ce ta ɗaya a kimiyya a ajinmu, ga shi babana cinikin citta yake yi a babbar kasuwa. Wa zai ja da ni?

Malamar da ke kula da mu ta ce kowa ta tsaya bayan wadda take so ta shugabance mu. Na gyara tsayuwa ina jiran layi. Da na waiwaya, babu kowa a bayana sai inuwata. Duk sun bi wata doguwar yarinya daga wani ƙauye kusa da Zonkwa, 'yar manoma, mai kaushin hannu da dariya kamar ba ta da matsala a duniya. Dalilinsu kawai shi ne da safe ta taya su ɗibar ruwa. Ni ban ga ta inda guga ya haɗu da kimiyya ba.

Daga ranar komai nata ya tsone mini ido. Takan tsaga citta gida biyu da wuƙa ba tare da ta ko duba ba, ta jera ta cikinta na kallon sama, ni kuwa sau biyu ina yanke yatsa. In ta raba aiki sai ta ɗauki mafi wuya. Har yadda malama ke dafa kafaɗarta sai da na ƙirga. Hassada nake yi mata, tsagwaronta, kuma na san da haka.

Muka shafe cikin akwatin da baƙin fenti, muka rufe samansa da farar leda. Sai shugabar tamu ta ɗauko ƙusa ta ce a huda kafofi a gefe, sama da ƙasa. Nan na samu abin faɗa.

"Zafin zai gudu," na ce. "A shagon babana ɗinke buhu ake yi ruf, ko iska ba a bari ta shiga."

Ta ce, "Wannan busasshen citta ne, sista. Ɗanye yana son iska. In ka rufe shi, zai yi gumi, ya lalace. A gida a kan dutse muna shanya shi."

Sauran suka gyaɗa kai, aka huda kafofin a kan idona.

Gaskiyar magana, ni busasshiyar citta kaɗai na sani, wadda ake kawowa a buhu a auna. Ban taɓa ganin yadda ɗanya ke zama hakan ba. Amma da in yarda 'yar ƙauye ta fi ni sani, gara in ci tuwo babu miya. Da rana, kowa na wajen cin abinci, na yage gefen tsohon ɗankwalina mai zanen ganye, na cuccusa a kafofin ta ciki inda ba za a gani ba. Na ce wa kaina gyara nake yi. Can ƙasan raina kuwa na shirya biyu: in ta yi kyau in fito in ce aikina ne, in ta ɓaci ai ba ni ce shugaba ba.

An hana buɗe akwatin sai ranar duba aiki. Kwana na biyu ruwa ya fara taruwa a jikin ledar. Shugabar tamu ta tsaya tana kallo, tana cewa, "Me ya sa yana kuka haka?" Na yi kamar ban ji ba.

Ranar da aka buɗe, wari ne ya fara yi mana maraba. Citta ta yi laushi, fumfuna ta rufe ta. Na ga yarinyar ta zura hannu gefen akwatin, ta zaro tsumma ɗaya, ta dube shi, ta dubi kaina. Ɗankwalin na nan a ɗaure, da yagaggen gefensa. Sai ta dunƙule tsumman a hannu.

Malama ta tambayi abin da ya faru.

"Ni ne shugaba, Ma," ta ce. "Ban duba da kyau ba."

Shugabar wani rukunin aka kai Kaduna. Ashe ita tamu ko jirgin ƙasa ba ta taɓa gani ba sai zuwanta Kafanchan, kuma ta riga ta aika wa mamarta cewa wataƙila za ta ga babban birni. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Tawa dai ba ta zame mata taki ba, hana ta tafiya ta yi. Abin kunyar ma, ko a lokacin sai da na ji ƙyashin yadda ta iya ɗaukar laifin da ba nata ba.

Ranar watsewa, a tasha, ta miƙo mini wani ɗan ƙunshi ta tagar bas. Tsummokarana ne, ta wanke su ta ninke.

"Ajiye shi," ta ce. "In citta ya bushe, lokacin ne za ka rufe."

Ban sake ganinta ba. A labaran da nake rubutawa akwai wata doguwar yarinya mai kaushin hannu, kuma sau uku ke nan ina kai ta Kaduna a kan takarda.