Shekarar da Aka Nome Mayarmu

Ni masunci ne kafin gwiwa ta hana ni shiga ruwa. Da aka buɗe ɗan markaz, wato cibiyar koyar da yara, a bakin mayarmu, kusa da Mafaza, sai aka ɗauke ni in riƙa nuna wa 'yan makaranta abin da ke cikinta. Maya fadama ce da kogin Rahad yake cikawa idan ya tumbatsa, ta riƙe ruwa wata da watanni, sannan ta bushe ta tsattsage. Markaz ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗaki ɗaya, rumfa, 'yan kwalabe, da wata sanda mai zane da aka kafa a bakin kogi. Kullum da safe nakan duba inda ruwa ya kai a jikinta, in gaya wa ustazar da ke kula da wurin.

Darasin gaiwa yara suka fi so. Da rani sai in kai su tsakiyar busasshiyar laka, in haƙa a hankali, sai ga kifi a naɗe cikin jakarsa, da ransa, yana jiran ruwa. Sai ihu ya kaure. In mayar da shi in rufe. Ni da na ci gaiwa ba adadi, wai yau ni ne mai gadinta!

Ana nan sai ɗan kawuna ya dawo daga Simsim. Tun yana saurayi ya tafi can aikin gona, har ya zama mai mashru, wato ƙatuwar gona, da tarakta tasa ta kansa. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, shi kuwa ya fi son a ce Haj. Ya leƙa maya, shekara biyu ke nan kogi bai kawo mata ruwan kirki ba, sai ya ga baƙar ƙasa shimfiɗe ba mai ita. Wai riɗi zai shuka.

Na same shi har gida. Na ce, "Yaya, iyayenmu ba sa sa garma ƙasa da layin bagaruwa. Daga nan zuwa ciki na ruwa ne."

Ya yi dariya har jabanar gahawarsa ta kusa zubewa. Ya dubi baƙinsa ya ce, "Kun ji malamin kwaɗi! Ya zol, kai mutumin nan, ana zancen abinci, kana zancen talibambam?"

Suka tuntsire gaba ɗaya. Na fito kunnuwana na zafi.

Ustaza ta kai ƙara wurin hukuma, aka ce za a duba. Kafin a duba, tarakta ta shiga. Na tsaya a rumfa ina kallon faifan ƙarfenta suna juya laka, suna fito da gaiwa a daddatse, shirwa na ta shawagi a sama. Wallahi ranar na yi kuka, kuma na tsani Yaya tsanar da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Na ce a raina, halas, shi ke nan, mu zuba mu gani.

Ga inda ya yi wauta. Manomin Simsim sama yake kallo. Idan ba hadari, a wurinsa ba ruwa. Mu mutanen bakin Rahad kogi muke kallo, don mun san ana iya tafka ruwa a duwatsun Habasha ya iso mana nan rana na ƙwallewa, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. An haife shi a nan, amma ya manta.

Wata Talata da safe na je sanda, na tarar ruwa ya hau, ya yi ja, yana ɗauke da karmami da itace. Na gaya wa ustaza ta rubuta. A hanyar komawa sai ga Yaya a mota zai tafi Gadarif, ya bar tarakta a tsakiyar maya, da buhunan iri da durom ɗin jaz, man tarakta, a gefenta. Ya sauke gilashi.

"Malamin kwaɗi, yaya ka ga sama? Kwana biyu zan yi, in dawo in gama shuka."

Na ɗaga kai na ce, "Sama garau take, Yaya. Allah ya kiyaye hanya."

Ban yi masa ƙarya ba. Na dai riƙe sauran a bakina, kuma daɗin riƙewar har cikin ƙashina na ji shi.

Ranar Alhamis ruwa ya shigo ta bakin maya, a hankali, ba hayaniya. Kafin Yaya ya dawo laka ta haɗiye tayoyin tarakta, ruwa ya rufe inji. Wanda ya san baƙar lakarmu ya san ba ta sakin abin da ta kama sai rani. Yaya ya tsaya a gaɓa da jallabiya a tattare, yana ta salati, yana kiran a kawo igiya. Na ɗauko kujera na zauna a rumfa, na sa aka dafa mini shayi. Ko sannu ban ce masa ba.

Jaz ɗin ne ban yi tunaninsa ba. Durom ya kife, tankin ma ya yi yoyo. Kwana uku mai ya shimfiɗu a kan ruwa yana ƙyalli, warinsa har cikin ɗakin markaz. Ƙananan tarwaɗa da kogi ya kawo suka taso ciki a sama, talibambam suka taru a gaɓa baƙi ƙirin, ba mai motsi. Na yini ina kwashe su da kwando, ina tsine wa Yaya.

A haka motar makaranta ta iso, don ba wanda ya tuna ya hana su zuwa. Yara suka sauko da gudu, suka ja birki a bakin ruwa, suna toshe hanci. Wata yarinya ta dubi kwandon ta ce, "Baba, wa ya kashe su?"

Na nuna taraktar, na faɗi sunan mai ita da ƙarfi, har sau biyu, don su kai gida. Ustaza, wadda ta rubuta abin da na gani ranar Talata da hannunta, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce wa yaran su koma mota.