Kowa Na Kallon Gauraka, Ni Na Ga Kububuwa

'Yan uwa! Ku ji abin da ya same ni yau.

Makarantarmu ta kai mu taron kallon tsuntsaye da ake yi duk shekara a rafin bayan Dutsen Zuma. Baba maharbi mai yi mana jagora ya kafa doka: "Ko tari kada wanda ya yi. Gauraka ba ta son hayaniya."

Sai ga ta kuwa a bakin ruwa! Kowa ya zuba mata ido. Ni kun san ni, cikin mutane kaina a sunkuye yake. Sai na ga busassun ganye sun motsa, alhali babu iska. Na ƙura ido. Kububuwa ce, ta naɗe!

Ga Malama Ladi tana ja da baya, madubin hangen nesa a ido, silifa a ƙafa. Saura taku biyu ta taka ta! Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Saura taku ɗaya. Na ƙwalla ihu: "Malama, tsaya! Maciji!"

Ta daskare. Baba ya fizgo ta, ya maka wa macijin sanda. Gauraka tuni ta tashi.

Wani Alhaji mai ƙatuwar kyamara ya fusata: "Wace yarinya ce ta kore ta?" Baba ya ɗago masa macijin a kan sanda. Alhaji ya ja da baya da sauri!

Malama ta rungume ni ta ce: "Hauwa, ashe kina da murya?"