Ranar da Inna Ta Kau da Kai

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, ita kuwa Bafulatana ce ta ainihi, saboda haka har furfura ta fito mini ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka al'adarmu take. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta jan sa da hira. In na dawo daga kiwo sai ta kau da kai, ta ce wa ƙannena, "Ku ba wa wancan abinci." Da "wancan" na girma a rugarmu da ke bayan Aujara, kuma ban taɓa jin zafin haka ba, domin duk ɗan farin da na sani haka ake yi masa.

Shanunmu sun ƙare a hankali, wasu ciwo ya ɗauke, wasu kasuwa. Da aka yanko Jigawa daga Kano, sai na samu aikin kula da sito a wata ma'aikata a Dutse, albarkacin 'yar firamaren da na yi. Na kama haya a unguwar Takur. Bayan rasuwar mahaifinmu na je na ɗauko Inna da ƙwaryarta da 'yar tabarmarta, ta zauna tare da mu.

Mai ɗakina Bahaushiyar Ringim ce, 'yar masu noman rani. Tsakaninta da Inna akwai tasu kunyar ta surukuta. Ba ta cin abinci a gabanta, in za ta gaishe ta sai ta durƙusa daga nesa. Inna kuwa "'yar Haɓe" take ce mata, rabi wasa rabi gaske.

Abin ya fara ne kamar ba komai ba. Inna ta yi sallar la'asar ta sallame, can sai ta sake tashi ta tayar da ita. Aka nemi takalminta aka rasa, sai ga shi a cikin tukunyar miya, ta rufe shi da murfi. Daga nan Hausa ta fara zubewa daga bakinta, Fulatancin yarintarta yana dawowa. Wasu suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce iska ce ta shafe ta.

Wata rana da yamma ina zaune a tsakar gida ina gyaran rediyo, sai ta zo ta tsaya a kaina da ƙwarya a hannu. Ta dube ni tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Malam, don Allah ba ka ga yarona ba?" Sai ta faɗi sunana. Ta faɗe shi sarai, har da ɗan jan ƙarshensa, kamar wadda ta saba kiransa kullum. Ta ce ɗan siriri ne, yana da tabo a gwiwar hagu, ya fita da maruƙa tun safe bai dawo ba.

Tabon yana nan a gwiwata har yau. Na ce, "Inna, ai ni ne."

Ta ƙare mini kallo daga hula har ƙafa, ta yi dariya. "Kai wannan tsoho ba ka da kunya. Da gemunka fari fat?"

Daga ranar, kullum in rana ta karkata sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi ƙofa. In aka kawo abinci sai ta ture kwanon, ta ce yaya za ta ci alhali yaron bai ci ba. Damuwarmu ke nan a gidan tsawon shekarun nan: Inna ta ci abinci. Dama ba mai jiki ba ce, sai ga shi awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu.

Mai ɗakina ce ta samo dabarar farko. Maimakon ta hana ta fita, sai ta yafa mayafi ta bi ta. Su ratsa layinmu, su wuce gidajen da ba a gama ginawa ba, har gindin duwatsu. Na taɓa bin su daga nesa. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta yi tsayi, ganyen dabino yana motsi ba tare da an ji iska ba. Manyan duwatsun nan masu santsi suna kwance a gefen juna, rana ta zuba musu ja a gadon baya. Sai na ga Inna tana ratsawa a tsakaninsu tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Wannan ita ce farar saniyar da ta zo da ita gidan aure, waccan ja ce mai harbi, a yi hankali da ita. Na daɗe a tsaye, har ni ma na fara ganin kamar suna numfashi, kamar in na yi fito za su miƙe su kaɗa jela. Mai ɗakina tana biye da ita riƙe da ƙwaryar, tana cewa, "Inna, wannan fa? Ta haihu kuwa?"

In sun gaji suka dawo, sai mai ɗakina ta ce mata, "An aiko yanzu, yaron yana rugar kawunsa, ya sha fura ya ƙoshi." Wata rana Inna ta yarda ta yi 'yan lomomi, wata rana ta ce ƙarya ce irin ta Haɓe.

Ni da safe nake fita, sai yamma. Abin da ake yi tsakanin nan ban san rabinsa ba sai daga baya. Matar da a da ba ta iya ɗaga kai a gaban surukarta, ita ce ta koma yi mata wanka, da tsifar kai, da wanke zannuwan da ta ɓata tun kafin maƙwabta su tashi, don kada a ga shanyar a gane. Inna ta taɓa kwaɗa mata ludayi a goshi wai ta sace mata maraƙi. Da na tambayi kumburin sai ta ce ƙofa ce.

Akwai kuma wata maƙwabciyarmu a bakin layi, mutuniyar Filato, Kirista, mijinta ma'aikacin gwamnati. Tana da ɗan tebur na sabulu da ashana da gyaɗa, kowa Madam yake ce mata. Duk ranar da Inna ta sulale ita kaɗai, ta gaban teburin nan za ta wuce. Madam ba ta taɓa riƙe mata hannu ba. Sai dai ta ce, "Mama, zo ki zauna mana, shanu suna hanya. Taya ni ɓare gyaɗan nan kafin su iso." Inna ta zauna a benci tana ɓara tana zuba Fulatanci, Madam tana amsawa da Hausarta ta Jos, ba wadda ke jin wata, amma sai ka ji sun kwashe da dariya tare. A haka har mai ɗakina ta biyo sahu. Sau da yawa gyaɗar da Inna ta jefa a baki a wurin ita ce abincinta na yinin.

Da shekarun shari'a suka zo, gari ya ɗauki wani irin ɗumi. Masallatai suka cika, kowa yana duba gidansa, yana kuma duba na maƙwabcinsa. Wata rana bayan la'asar wani dattijo a majalisarmu ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ana magana fa. Iyalinka kullum a gindin dutse, wurin da kowa ya san ba a rasa iskoki. Tsohuwa kuma a bakin titi kamar ba ta da kowa. Ka tsare gidanka, a nemo mai ruƙiyya." Ba da mugunta ya faɗa ba. Ni ma da na ji, sai na ga kamar gaskiya ce. Na sayo kwaɗo na sa a ƙofa, ina tafiya da makullin wurin aiki.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, ni in ka kulle ni ba komai, dama ina zan je? Amma ita, ɗanta fa yana waje."

Na ce, "Ɗanta ga shi nan tsaye a gabanki."



Aka yi ruƙiyya, Inna ta zauna lafiya lau tana sauraro, da aka gama ta tambayi malamin ko ya ga yaronta. Yamma na yi sai ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙwanƙwasa ƙyauren da gindin ƙwarya, a hankali, ba kuka ba faɗa, har duhu ya fara. Abinci kuwa ta daina gaba ɗaya, sai ruwa. Muka kai ta asibiti, likita ya ce ba shi da maganin da zai dawo da abin da ya tafi, amma in ba ta ci ba, ba za ta daɗe ba.

Ran Asabar ina gida sai ga Madam da kwanon kunun gyaɗa tana buga ƙofa. "Oga, buɗe mana! Gidan yari ne? Kwastomata fa na zo dubawa, gyaɗa ya taru ba mai ɓarewa." Na buɗe ina jin nauyi. Inna ta gane muryarta, ta yi murmushi, amma ko kunun ba ta kurɓa ba. Madam ta fita tana share ido da bakin zane.

Bayan fitarta mai ɗakina ta zo ta zauna kusa da ni. Ashe duk wankan nan da take yi wa Inna, sauraro take. Har ta tsinci Fulatancin da ya ishe ta gane labarin da Inna take maimaitawa, na yadda yaron yake dawowa gida.

Ta ce, "Malam, in faɗi wata magana? Kai kullum zuwa kake ka tsaya a gabanta, ka dube ta, ka ce ni ne. Yaushe ɗan fari ya taɓa yin haka? Yaron da take jira ba ya sallama da babbar murya. Fito yake yi tun daga nesa, sanda a kafaɗa, yana warin shanu. In ya shigo ba ya kallon inda take."

Na ce, "Yanzu da girmana zan yi wasan yara?"

Ta ce, "Ni da nawa girman duwatsu nake tambaya ko sun haihu."

Da la'asar na fita bayan gari, wurin wasu Fulani da suka sauka a can. Na ari sanda da malfa, na shiga cikin garken na zauna. Rabona da zama a tsakiyar shanu har na manta. Ɗuminsu ya rufe ni, wata ta sa hanci tana shinshinar wuyana, ƙudaje suna kewaya mu. Na lumshe ido sai na ji kamar in na buɗe zan ga bukkarmu da hayaƙi yana fita ta samanta. Da rana ta kusa faɗuwa na taso, na gicciya sandar a kafaɗa na rataya hannuwa. Ban san lokacin da fiton ya dawo bakina ba, wanda nake yi wa maruƙa in mun doshi gida.

Madam ta hango ni daga teburinta, ta dafe baki. "Oga, an kore ka daga aiki ne?" Sai kuma ta gane, ta ɗaga mini hannu alamar in wuce.

Mai ɗakina ta buɗe mini ƙofar. Na shiga ina fito, ban dubi kowa ba. Na jingine sandar a bango, na je can gefe na zauna a ƙasa, na ba wa ɗakin Inna baya. Ƙwanƙwasar da take yi da ƙwarya ta riga ta tsaya tun da ta jiyo fiton. Na ji tafiyarta a hankali har bakin tabarmarta. Ta wutsiyar ido na ga ta ja zane ta rufe rabin fuska, ta juya ta fuskanci bango.

Can sai ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ke 'yar Haɓe. Ba wa wancan abinci."

Aka ajiye mini tuwo da miyar kuka. Na ci ina taɓa kwanon da ƙarfi don ta ji. Ban kai rabi ba sai na ji an jawo wani kwanon a bayana, an buɗe murfi. Ban waiwaya ba. Ina jin ta tana ci, loma bayan loma, mai ɗakina tana cewa, "A hankali, Inna, akwai saura."

Ba kullum abin yake ci ba. Wata rana in shigo da fitona ta ce wane ne wannan mahaukacin. Amma ya isa ya riƙe ta har wata daminar ta zagayo, a cikinta Allah ya karɓi abarsa. Kwaɗon kuwa tun ranar na cire shi, suka ci gaba da zuwa gindin dutse, wani lokaci da ni a bayansu.

A zaman makoki maza suka cika ƙofar gida, kowa ya zo sai ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Malam, ka riƙe uwa." Ina amsawa da amin. A wurinmu namiji ba ya yabon matarsa a cikin taro, ni ma ban yi ba, alhali wadda ta yi riƙon tana ciki tana dama wa baƙi kunu da bayanta mai ciwo. Madam ta shiga wurin mata ta zauna har yamma. Ba a daɗe ba aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, suka koma gida, ban kuma samu na tsaya a gabanta na yi mata godiya yadda ya kamata ba. In tana raye, Allah ya sa wani ya kai mata wannan.

Da na gama rubutun nan na karanta wa mai ɗakina. Yanzu ita ma ta tsufa, sai da na ɗaga murya. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ludayin nan ba sai ka sa shi ba, ai ba da saninta ta yi ba. Kuma ka gyara wuri ɗaya. Ba gyaɗa kaɗai Madam take ba ta ba, har da rake. Ita take feraye mata shi, ta yayyanka ƙanana saboda haƙoranta."