Zaren Awon Amarya

Da aka sa ranar aurena, gwaggona ce ta karɓe ragamar komai, ni sai aike. Lokacin ina lodin gyaɗa a tashar jirgin ƙasa, ina kwana a Fagge, kaina ya kumbura kamar a kaina aka fara aure. Lefe aka soma haɗawa. Amarya ba ta zuwa gaban tela, kunya ba za ta bari ba. Sai gwaggo ta je gidansu da zare, ta auna kafaɗa ta ƙulla, ta auna ƙirji ta ƙulla, haka tsawon riga. Ta damƙa mini zaren da atamfofi, ta ce in kai Sabon Gari.

Telan wani dattijo ne Ibo, Kirista. Amaren Fagge da yawa shi ya yi wa rigunan lefe, bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Bangon shagonsa duk ƙusoshi ne, kowace da zaren wata. Ya duba ƙullin nawa, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ango, amaryarka ta fi ka kafaɗa. Allah ya ba ka haƙuri!"

Ya rataye shi, ya ce in dawo kafin ruwan farko.

Bazarar nan ta yi nauyi. Ana ta raɗe-raɗin 'yan siyasar Kudu za su zo taro, kuma ba za a bari ba. Maƙerin layinmu ya ajiye ƙirar fartanya, sai wasa adda yake. A tasha ina ganin matan Ibo da yara suna hawa jirgi da ƙunshin kaya, mazan suna komawa gida su kaɗai. Na gani sarai, amma ni rigunan amaryata ne a raina.

Da na koma shagon, bangon fayau, zarena kaɗai ke lilo. Ya sauko da shi, ya ɗora kan atamfofin, ko almakashi bai taɓa su ba.

"Baba, lafiya? An kusa kai lefe fa!"

"Ɗana, in na yanka, dole in ɗinka. Ban san ko zan kai ba. Tafi gida tun da rana, kada ka bi ta wajen kantin Bata."

Wannan karon bai yi dariya ba ko sau ɗaya.

Gwaggo na ganin kayan ta rafka salati. A wurinta kayan aure ba ya dawowa baya, mugun abu ke nan. Ta yi wa telan tas, ta ce gobe da sassafe in mayar masa. Na fita kuwa, amma ban ƙetara ba. A filin da ya raba mu da Sabon Gari mutane sun yi sahu, nan da can, kowa da abu a hannu. Na rungume atamfofin na juya.

Ranar rikici ya ɓarke. Da ƙura ta lafa na je shagon. Ƙofar a wangale, babu keken ɗinki, sai ƙusoshi. Maƙwabtansa ba wanda ya san inda yake.

Haka aka kai lefe ba riga ko ɗaya. Na ce a nemi wani tela, gwaggo ta fizge zaren ta ƙulle a bakin zaninta.

"Aikinsa ne. Zai dawo ya yanka."

Har ta rasu ba ta bari an kai wa kowa ba.