Makullin Famfo

Mai Aski ya fara sanin Mai Famfo ne a shekarar da aka jawo ruwa unguwarsu, zamanin da agogon aljihu yake da daraja. Ma'aikatar ruwa ce ta kawo shi, ta damƙa masa makulli: ya buɗe ƙarfe shida, ya rufe sha biyu, ya sake buɗewa ƙarfe huɗu. Bai taɓa makara ba. Shi kaɗai ne Kirista a layin. Rumfar askin tana kallon famfon, saboda haka kullum Mai Aski na ganin abu guda: kafin mutumin ya sa makulli sai ya cire hula, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa su ɗan motsa.

"Maƙwabci, da famfon kake gaisawa?" in ji Mai Aski.

"Da Ubangiji Mai ruwan nake gaisawa. Kai ma ka gwada kafin ka kama kan mutane, ko yankan ya ragu."

Haka suka yi shekara tara. A ta goma ciwon ciki ya kwantar da yara goma sha ɗaya a layin. Wani mai tura ruwa a kura, wanda famfon ya kashe wa kasuwa, ya ce ai kowa ya ga yadda Mai Famfo yake karanta wani abu na addininsu a kan ruwan kowace safiya. Kafin kwana uku maganar ta yi ƙafa. Aka jefi kwanon ɗakin Mai Famfo da duwatsu, aka daina amsa gaisuwar matarsa. Ranar Laraba jama'a suka kewaye shi, suna cewa ya ba da makulli ya bar unguwar.

Mai Aski ya bar wani da rabin kai a kan kujera, ya ɗauko kofinsa, ya ratsa taron. Ya tari ruwan famfon ya shanye, har sau uku.

"In na mutu ku raba almakasaina," ya ce. "In ban mutu ba, kowa ya kama gabansa."

Taron ya watse, amma ma'aikata ta karɓe makullin har a gama bincike. Wata huɗu Mai Famfo yana dakon bulo. Mai Aski ya ce ya kai ƙara mana.

"Ba zan ce maka ba ya ciwo ba," in ji Mai Famfo. "Amma tun muna yara aka gaya mana wannan yana cikin kayan tafiyar. Yesu da nake bi an yi masa sharrin da ya fi wannan, ya roƙa wa masu yin gafara. Ni makulli kawai aka karɓe mini."

Matarsa ta leƙo ta ce, "Har mai kurar yake yi wa addu'a. Ni dai ban fara cewa amin ba tukuna."

Daga baya aka tono wani bututu da ya fashe a ƙarƙashin kwata, ashe shi ya jawo ciwon. Aka mayar wa Mai Famfo da makulli. Ba wanda ya ce yi haƙuri, shi ma bai nema ba. Washegari ƙarfe shida ya cire hularsa a gaban kowa, kamar kullum.

Bayan sun tsufa, ɓarin jikin Mai Aski ya shanye, 'ya'yansa kuma duk suna nesa. Matarsa ta fara tarar da jarka biyu cike da ruwa a bakin ƙofa kowace safiya. Rannan Mai Aski ya sa aka fito da shi zaure da wuri. Sai ga Mai Famfo, wanda ya daɗe da barin aiki, yana tafe yana hutawa, jarka a kowane hannu.

"Maƙwabci, kofi uku fa kawai na sha."

Mai Famfo ya ajiye, ya goge gumi da hularsa.

"Ina jarkokin jiya?" ya ce. "Layi yana tsawo."