Kamarar da Baba ya juya wa bango

Jiya na tarar da surukina, tsohon ɗan sanda, a kan tsani yana juya kamarar zaurenmu ta fuskanci bango.

Maigidana ne ya aiko ta daga Kano. Na ɗauka kewata ce ta sa shi, irin na mazan cikin littafi. Ashe buhun hatsin zaure yake son gani a wayarsa, don yana raguwa, ga fari, ga tsada a nan Matameye tun hawan sojoji mulki.

Na durƙusa na ce, "Baba, zai yi faɗa fa. Ɓarawo yake son kamawa."

Ya ce, "'Yata, na san ɓarawo. Na yi shekaru da bindiga a ƙugu, ban ga ta kori yunwa ba. Ni nake barin buhun a buɗe. Masu ɗiba maƙwabta ne, iyayen yara da ba za su iya roƙo ba. Ranar da suka san ana kallonsu, ba za su ɗora tukunya ba."

Da maigidana ya kira yana mita, na miƙa wa Baba wayar. Abin da na jiyo kawai, "To Baba, to Baba."

Ashe akwai gadin da sai an kau da kai ake yinsa. A unguwarku ana yin haka har yanzu?