Koren Maɓallin Yaya Sani

Bana shekara huɗu ke nan da muka kai Yaya Sani makwancinsa a Gummi, kuma har yau in na buɗe manhajar da ya bari sai raina ya ɓaci.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya haɗa wa ƙungiyar manoma da makiyayan yankinmu manhajar waya ta kiran malamin dabbobi. A kan abu ɗaya ya kafe: kowane shafi, koren maɓalli yana ƙasa ta dama, shi ne na aikawa, ja kuma yana hagu, na fasawa. Mun sha yi masa tsiya cewa ko kujerar ɗakinsa ba ya yarda a gusa. Sai ya ce yawancin masu latsa wayar ba su yi boko ba, babban yatsansu ne ya haddace hanya.

Bayan rasuwarsa manhajar ta bunƙasa, ta kai Anka da Bukkuyum. Aka ƙara farashin shinkafa, aka ƙara taki da hasashen ruwan sama. Duk wanda aka ɗauka aiki sai ya gina shafinsa yadda ya ga dama, kamar gidan gado da kowa ke manna ɗaki inda ya samu fili. Ba mugunta ba ce. Babu dai wanda ya zauna ya tsara ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi. Yaya ma a kansa ya riƙe tasa, ya tafi da ita, kuma wannan kam ina jin haushinsa.

Da daminar bara ciwon huhu ya shiga garken Baffa Jaɓɓi, wani dattijon makiyayi a Adabka da Yaya ya koya wa manhajar da hannunsa. Ya hau tudu ya samu sabis, ya latsa ƙasa ta dama, ya koma jira. Ashe an sake shafin, an sa maɓallin gogewa a wurin, shi ma kore. Malamin dabbobi bai ga kiran ba. Kafin a farga shanun sun fara faɗuwa.

Da na je masa jaje, sai ya miƙo mini wayar. "Ɗana, inda Sani yag gwada min, nan nid danna. Mi ni yi ba daidai ba?"

Na ce, "Baffa, ba ka yi komi ba." Na mayar masa da wayarsa.

Da Yaya zai ga manhajar yau, ba yawan shafukan ne zai dame shi ba. Zai tambaya ne wa ya karya alkawarin da ya yi wa yatsan dattijon nan. Ina roƙon masu riƙe da ita su zauna su daidaita kafin su ƙara wani shafi.

Allah Ya ji ƙan Yaya. A wayar kusan babu sauran aikinsa. Amma ran nan na ga Baffa Jaɓɓi yana juya wayar a hannu, ya daina buɗe manhajar, sai dai yatsansa har yanzu ƙasa ta dama yake nufa.